Wa Zai Yi Cigiyar Tunau?

Masu adana labarin mutanen da suka riga mu sun ce an yi wani sarki a ƙasar Kwarin Ɗinya, sunansa Ranau. Saurayi ne mai saurin fushi da saurin hucewa, kuma idan ka yi masa alheri ka jawo wa kanka aiki, don ba zai zauna lafiya ba sai ya rama har ya wuce gona da iri. Mutane suna yaba wannan hali, ni ma ina yaba shi, amma shi ne ya kusa halaka mutumin da Sarki ya fi ƙauna a duk rundunarsa.

Ga yadda abin ya faru. Wata damina mahara suka ƙetaro daga yamma suna kwasar shanu da hatsin talakawa. Sarki ya fita da runduna, aka yi karo a bakin wani gulbi. Ana tsakiyar gumurzu dokin Sarki ya afka cikin taɓo ya nutse har ƙirji, kibau kuwa na zubowa ta ko'ina. Wani dakare ɗan baka mai suna Tunau, wanda Sarki bai taɓa sanin da zamansa a duniya ba, ya yar da kwarinsa, ya kutsa cikin taɓon, ya saɓo Sarki a kafaɗa kamar buhun gero, ya fito da shi tudu. Kibiya ta same shi a damtse, ya fizge ta ya jefar bai ko duba ba. Allah ya ba su nasara, aka kori mahara, aka komo gida.

Da aka zauna a fada Sarki ya sa aka shigo da Tunau. Yana ganinsa idonsa ya ciko da hawaye, ya sauko daga karaga, abin da ba a saba gani ba, ya riƙe hannunsa. Ya ce a ba shi ingarman doki. Tunau ya durƙusa ya ce, "Allah ya ja zamaninka, ni ban taɓa hawan abin da ya fi jaki ba." Ya ce a ba shi gida a cikin birni. Tunau ya ce, "Ranka ya daɗe, tsohuwata ba za ta bar ƙauye ba, ni kuma ba zan bar ta ba." Sarki ya rasa inda zai sauke godiyar da ta cika masa ƙirji. Can sai ya ce, "To gaya mini, me ya fi damunka a zaman runduna?"

Tunau ya sosa ƙeya, ya saci kallon wani dattijo mai furfura da ke durƙushe a bakin ƙofa, ya ce cikin raha, "Faɗan Baba Nomau, ranka ya daɗe. Ko tari na yi sai ya ce ban yi shi daidai ba."

Nomau shi ne uban gomarsu, wato shugaban mutum goman da Tunau yake ciki. Fada ta ɗauki dariya, har shi kansa Nomau. Sarki kaɗai ne bai gane wasa ake yi ba. Ya zare munduwar azurfa daga hannunsa ya zura wa Tunau, ya ɗaga murya ya ce, "Ku shaida. Daga yau babu kowa a kan Tunau sai ni. Ba uban goma, ba Barde, ba Jarmai, ba Sarkin Yaƙi. Ya tafi inda ya so, ya tsaya inda ya so, abin da yake bukata kuwa ya zo ya roƙe ni baki da baki."

Sarkin Yaƙi ya buɗe baki zai yi magana, ya dubi fuskar Sarki tana sheƙi don murna, sai ya haɗiye maganarsa. Maroƙa suka ɗauki kirari, aka watse. Ba a daɗe ba 'yan leƙen asiri suka kawo labari cewa mahara na sake taruwa, aka tsayar da shawara runduna za ta fita da zarar an gama girbi. Sarki sai murna yake, yana cewa a ransa wannan karon Tunau zai yi yaƙi kamar ɗan sarauta, ba mai daka masa tsawa.

A kan ganuwar birnin kuwa akwai wata tsohuwar ungulu, wadda ta bi rundunonin ƙasashe daban-daban tun kafin a haifi Sarki. Marigayi mahaifinsa ne ya tsince ta a fagen fama da karyayyen fiffike, ya sa maɗorin runduna ya ɗora ta, shi marigayin yana tsokanarta yana cewa ƙanwarsa ce, don shi ma mai sanƙo ne. Ya kuma sa mahauta su riƙa ware mata rabo. Saboda haka Ranau ya tashi yana kiranta Gwaggo, ita kuma ba ta taɓa manta alherin gidan ba.

Wata safiya Sarki ya hau ganuwa duba gyaran da ake yi, ya iske ta tana shan hantsi. Suka gaisa, ya zauna ya zayyana mata labarin kyautar da ya yi, yana jiran yabo. Ta karkace kai ta dube shi da ido ɗaya.

"Ranka ya daɗe," in ji ta, "da cikina zan bi, da na ce ka kyauta, in ja bakina in jira girbi. Amma naman gidanku da na ci ba zai bar ni in yi shiru ba. Ni ka ba Tunau in ci, ni kuwa ba na so."

Sarki ya ɓata rai. "Gwaggo, wace irin magana ce wannan? Mutumin da na ɗaga sama da kowa?"

"Kafin ka yi fushi, ɗan yayana, faɗa mini yadda aka ɗinka rundunar nan taka, kamar ban sani ba."

"Wannan ai ko ɗan goye ya sani," in ji Sarki. "Ni nake cewa a yi yaƙi ko a bari, Sarkin Yaƙi kuma shi ke faɗin yadda za a yi shi. A ƙarƙashinsa akwai Jarmai huɗu, kowanne da mutum dubu. Kowane Jarmai yana da Barade, kowane Barde da mutum ɗari, ɗarin nan kuma an kasa su goma-goma, kowace goma da ubanta da tukunyarta. A gefe ga Sarkin Sansani. Shi ba ya zare takobi, amma shi ke riƙe da Sarkin Guzuri mai rabon hatsi, da Sarkin Maƙera, da maɗora da masu magani, da alƙalin runduna. In na yi magana da safe, kafin rana ta take ta isa kunnen dakare na ƙarshe."

"Madalla. Ka faɗi abin da ke gangarowa daga sama. Me ke hawowa daga ƙasa?"

"Me zai hawo in ba ganima ba?"

"In kuna sansani, kullum la'asar Sarkin Yaƙi yakan zo ya faɗi a gabanka ya ce, 'Runduna ta cika.' Me kake amsa masa?"

"Nakan ce madalla. Ai gaisuwa ce irin tasu, kamar barka da yamma."

Ungulu ta karkaɗe fiffikenta ta ce, "Haka wani sarki na gabas ya ɗauka, har ya yi wa Sodangi kyautar da ta cinye masa ƙafa."

Sarki ya gyara zama ya ce, "Wane ne Sodangi, kuma yaya kyauta ke cin ƙafa?"

Ungulu ta ce:

A ƙasar Tudun Aduwa, can gabas, na san wani dakare mai mashi ana ce masa Sodangi. A wani yaƙi abokan gaba suka ƙwace tutar sarkinsu, ya bi su shi kaɗai ya ƙwato ta. Sarkin ya ji daɗi irin wanda kake ji yanzu, ya ɗora masa jar hula, ya ce duk wanda ya ga hular nan ya san mai ita ba shi da shugaba sai sarki. Sodangi kuwa abin da ya daɗe yana nema ke nan, don ya gaji da uban gomarsu, wani tsoho mai yawan mita sunansa Cindo, wanda ba a taɓa jin ya yabi kowa ba.

Ya koma bukkarsu yana tattara kayansa, Cindo ya tare shi a ƙofa ya ce, "Kai yaro, kafin ka tafi zauna ka ji abin da ya sami taguwar Madugu Illo."

Sodangi ya ce, "Baba Cindo, yau ce ranar ƙarshe da zan saurari mitarka, don haka yi ta son ranka. Me ya sami taguwar?"

Cindo ya ce:

Madugu Illo fatake yake ja zuwa hamada ɗaukar gishiri. Raƙumansu a jere suke tafiya, akalar kowanne a ɗaure jikin kayan na gabansa. Wata shekara suka isa rijiyar da suka saba sha, suka iske ta ƙafe. Mutane har sun fara yi wa juna wasiyya, sai wata taguwa, wato raƙuma, ta ɗaga hanci ta shaƙi iska, ta fizgi jerin gaba ɗaya ta karkata da shi kudu, ba ta tsaya ba sai da ta kai su wani kwari mai ruwa. Madugu ya rungume wuyanta yana kuka, ya ce, "Wallahi hancin da ya ceci ayari ba za a ƙara jansa da igiya ba." Ya kwance akalar da hannunsa ya jefar.

Taguwa ta samu duniya. Tana tafiya a gefen ayari, in ta ga ɗan tsiro ta tsaya ta ci, 'yan'uwanta na wucewa suna hararar ta. Ran nan ta tsaya a bayan wani tudun yashi tana cin ƙaya, ƙafarta ta rufta cikin ramin yanyawa ta karye. Ta yi ta ruri, iska ta kwashe kukan ta yi wani waje da shi.

To ka san in raƙumin da ke cikin jere ya yi tuntuɓe, akalarsa ce ke fizgar na gabansa, shi ya tsaya, na gabansa ma ya tsaya, har tsayawar ta isa ga madugu. Ba sai wani ya gani da ido ba. Ita kuwa da ta faɗi babu igiyar da ta motsa. Da aka sauka zango Madugu ya bi jere yana shafa ƙulli ɗaya bayan ɗaya kamar yadda ya saba, ya iske kowane ƙulli na nan, ya yi hamdala. Sai da suka yi nisa ƙwarai wani ya ce, "Wai ina taguwar nan mai hanci?" Wani ya ce tana gaba, wani ya ce tana baya. Madugu ya yi kuka har ya gaji, amma ruwan da ya rage a salka ba zai kai mutum can ya dawo da shi ba.

Da Cindo ya kai nan sai ya ce, "Ka ji, yaro. Igiyar da ke ja maka hanci, ita ce ke gaya wa na gaba ka faɗi."

Ungulu ta ci gaba:

Sodangi ya yi dariya ya gyara zaman hularsa, ya ce, "Baba, ni ba raƙumi ba ne, ina da baki." Ya saɓa kayansa ya yi gaba.

Da fari abin ya yi daɗi. Ba mai sa shi haƙan rami, ba mai sa shi tsaron ƙofa, ya tashi lokacin da ya ga dama. Sai da aka fita yaƙi ya fara cin karo da abin da bai zata ba. Sarkin Guzuri ba ya auna wa mutum ɗaya hatsi. Jarmai yake ba, Jarmai ya raba wa Barade, Barade su raba wa iyayen goma, a zuba a tukunya. Sodangi ba shi da tukunya, saboda haka yau ya ci da waɗannan, gobe ya ci da waɗancan. Kowa na yi wa mai jar hula maraba, in kuma ba a gan shi ba kowa ya ɗauka yana wajen wasu. Mashinsa ya karye ya kai maƙera, Sarkin Maƙera ya ce, "Wane Barde ne ya aiko ka?" Sai da ya je ya tsaya a ƙofar sarki kafin a yi masa wani. Duk wannan bai sa ya yi tunani ba, ya ɗauka hassada ce.

Aka yi wani karo a cikin duwatsu, suka rinjayi abokan gaba. Sodangi, da yake babu mai ce masa tsaya nan, ya bi wasu masu gudu shi kaɗai. Suka waiwaya suka ga ba kowa a bayansa, suka juyo suka sare shi a ƙafa, ya gangara cikin wani kwazazzabo.

Da la'asar aka yi abin da ake yi a kowace runduna mai tsari, wanda mayaƙa ke kira cigiya. Kowane uban goma yakan kira mutanensa da sunayensu, sannan ya je gaban Barde ya ce, "Sun cika," ko ya ce, "Saura wane." In aka ce saura wane, ba a ɗora tukunya sai an tafi nemansa, a dawo da shi da ransa a ba maɗora, ko a dawo da gawarsa a yi masa sutura. Ranar an ɗauko duk wanda ya kamata a ɗauko. Cindo ya ce sun cika, kuma ba ƙarya ya yi ba, don tuni an ba shi wani a gurbin Sodangi. Barade suka ce wa Jarmai sun cika, su kuma suka gaya wa Sarkin Yaƙi, shi kuma ya faɗi gaban sarki ya ce, "Runduna ta cika." Sarkin ya ce madalla, kamar yadda kake cewa. Da gari ya waye aka kaɗa tambarin tashi.

Ni kuwa ina zaune a kan wani dutse a bakin kwazazzabon. Sodangi ya ɗago kai ya gan ni, ya ce, "Ke me kike jira?"

Na ce, "Kai nake jira, amma ba na gaggawa."

Ya ce, "Za ki daɗe. Yanzu za a zo nemana. Ba ki ga hular ba?"

Na ce, "Na gan ta, ta yi kyau. Amma na tsufa a wannan sana'a, ban taɓa cin mutumin da ke da uban goma ba, sai in an ci rundunar gaba ɗaya. Faɗa mini sunan wanda za a tsare da tambaya a ce ina kake."

Ya ce, "Sarki."

Na ce, "Sarki shi ke tambaya, ba a tambayarsa."

Muna jin tambari yana ƙara nisa har muka daina jinsa. Daga nan ya fara kiran sunan Cindo, ya yi ta kira har muryarsa ta dushe. Wallahi, ranka ya daɗe, ni ungulu ce, amma ranar na ji tausayi.

A zango na gaba Cindo, wanda idonsa ya saba neman jar hular nan don ya samu abin yi wa tsaki, ya duba ya duba bai gan ta ba. Ya je ya tambayi Barde, Barde ya ce, "Ba nawa ba ne." Ya roƙi a kai shi gaban Jarmai, Jarmai ya ce, "Na sarki ne, a tambayi fada." Dogarawan fada suka ce, "Ai yana gaba da masu leƙen hanya, haka yake yi." Masu leƙen hanya suka ce suna zaton yana baya. Cindo ya koma ya roƙi Barde ya ba shi izinin komawa da mutanensa. Barde ya ce, "Baba, da ɗaya daga cikin ɗarina ne, da yanzu mun juya gaba ɗaya, ba sai ka roƙa ba. Amma ba ni da ikon jefa mutum goma cikin ƙasar abokan gaba saboda wanda ba a ba ni amanarsa ba."

Tsohon nan ya kama jakin tukunyarsu ya juya shi kaɗai. Tun daga nesa na jiyo muryarsa yana zagi. Da ya leƙa kwazazzabon ya gan shi sai ya ce, "Ɗan banza, ina bakin naka da ka ce kana da shi?" Yana faɗi hawaye na bin gemunsa. Ya jefe ni da dutse, ya gangara ya ɗauko shi ya ɗora a kan jaki. Hular kaɗai suka bar mini.

Kafin su cim ma runduna ƙafar ta ruɓe, maɗora suka ce sai yankewa. Alƙalin runduna kuma ya tuɓe Cindo daga uban goma, don ya bar mutanensa babu izini a ƙasar yaƙi. Hukuncin daidai ne, Cindo kansa bai yi gardama ba. Sodangi ya ƙare rayuwarsa yana dogara sanda, kuma har Cindo ya mutu bai taɓa fashin zuwa gaishe shi da safe ba, ya zauna ya sha mita yana godiya.

Da ungulu ta kai ƙarshen labarin sai ta juyo ta fuskanci Sarki ta ce, "Ranka ya daɗe, Sodangi ya rayu ne don an yi sa'a wani tsoho ya karya doka saboda shi. An kuwa tsara runduna ne don kada ran mutum ya rataya a kan sa'a. Maganar nan da Sarkin Yaƙi ke kawo maka amsa ce, daga bakin tukunya take tasowa ta bi hannu-hannu har ta iso gabanka. Yanzu gaya mini, in an fita bayan girbi, wa zai yi cigiyar Tunau?"

Sarki ya yi saurin cewa, "Ni zan yi."

"Kai da ke ɗauke da nauyin mutum dubbai? To mu ce ka tuna da shi da la'asar. Wa za ka tambaya?"

Sarki ya ga Tunau a idon zuciyarsa kwance a wani rami da munduwar azurfa a hannu, tsoro ya kama shi irin wanda bai ji ba ko a cikin taɓo. Sannan ya ce, "Gwaggo, Allah ya saka miki da alheri. Abin da babana ya yi miki kin biya har kin bar mu da nauyi. Amma na riga na yi magana a gaban fada. In na janye, za a ce Sarki ya lashe amansa. In na karɓe munduwar, za a ce Tunau ya yi laifi."

"Wannan kuma aikinka ne, ni ungulu ce," in ji ta. "Sai dai ka yi kyauta ba ka koma ka ga yadda ta zauna wa mai ita ba. Fara zuwa ka gan shi da idonka."

Sarki ya sauko daga ganuwa, ya aika a kira Sarkin Yaƙi, suka nufi sansanin bayan gari ba tambari ba kakaki. Suka isa daidai lokacin da aka sauke tukwane. Ko'ina mutane ne goma-goma a kewaye da akushi, ana ci ana tsokanar juna. Can a gindin wani marke suka hango mutum ɗaya zaune shi kaɗai yana gyara kibau da hannu ɗaya. Tunau ne, ya rame.

Ya zabura zai faɗi gaisuwa, Sarki ya riƙe shi ya ce, "Tunau, na haɗa ka da Allah ka gaya mini gaskiya. Yaya kyautata ta zauna maka?"

Tunau ya sunkuyar da kai. "Allah ya ja zamaninka, wane ni in kushe kyautar Sarki? Na gode, har gobe ina godiya. Sai dai tun ranar nan ba wanda ya zage ni. In na je wajen tukunyarmu sai su tashi su ba ni wuri, su yi tsit har in gama, shi ya sa na daina zuwa. Baba Nomau da kansa yake ce mini ranka ya daɗe. Ban taɓa sanin mutum zai iya zama cikin mutum dubu ya ji kamar yana daji ba."

"Me ya sami hannunka?"

Tunau ya so ɓoyewa, Sarki ya ɗage masa hannun riga. Raunin kibiyar ya kumbura ya yi baƙi, yana fitar da ruwa. Tunau ya ce, "Ni tsoron wuƙar masu magani nake yi, ranka ya daɗe. Da can Baba ke kama kunnena ya kai ni. Yanzu kuwa ba mai ikon sa ni, ni ma ban sa kaina ba."

Kunya ta rufe Sarki. Ba a ko fita yaƙin ba, ga kyautarsa ta fara cin hannun da ya ɗauke shi. Ya yi ɗan tunani, sannan ya rage murya ya ce, "Na ce abin da kake bukata ka roƙe ni baki da baki, ba ka taɓa roƙona komai ba. Roƙe ni yanzu. Ka ɗaga murya kowa ya ji."

Tunau ya dubi Sarki, ya dubi tukunyar su Nomau, ya gane. Ya miƙe ya buɗe murya har masu ci suka tsaya da loma a hannu, ya ce, "Ina roƙon Sarki ya mayar da ni hannun Baba Nomau!"

"Na yi alkawarin ba ka abin da ka roƙa," in ji Sarki da ƙarfi, "na ba ka. Munduwa kuwa taka ce, ka riƙe ta shaidar godiyata."

Bai kai shi wajen Nomau da kansa ba, don ya fahimci karatun. Ya kama hannun Tunau mai lafiya ya sa a hannun Sarkin Yaƙi, ya ce, "Ga amanarka. Kuma daga yau in ka buɗe baki a fada, kada ka rufe shi don ka ga ina murna." Sarkin Yaƙi ya faɗi ya yi godiya, ya miƙa shi ga Jarmai, Jarmai ya miƙa wa Barde, Barde ya kira Nomau.

Dattijon ya zo ya durƙusa ya gai da Sarki kamar yadda ya kamata. Sannan ya tashi ya juya ga Tunau, ya ga hannun, fuskarsa ta canja.

"Kai, ɗan banza! Haka ka zauna kana kallon hannu yana ruɓewa? Da me za ka ja baka, da haƙori? Wuce mu je wajen masu magani kafin in karya ɗayan!"

"To, Baba," in ji Tunau. Nomau ya kama kunnensa, suka tafi yana dariya yana share hawaye, mutanen gomarsu na bin su da ihu.

Sarki ya tsaya yana kallonsu har suka shige rumfar masu magani. An sha yi masa kirari tun yana yaro, amma bai taɓa jin maganar da ta sanyaya masa zuciya kamar zagin nan ba. Ya ɗaga hannu ya gode wa Allah, ya ce wa Sarkin Yaƙi, "Na karɓi gyara."

Hannun Tunau ya warke kafin a gama girbi. Runduna ta fita, aka yi yaƙi mai zafi, aka kori mahara korar da ba su sake dawowa ba. Tsohuwar ungulu ta bi su tun daga fita har komowa, kamar yadda ta saba. Ta dawo kan ganuwa cikinta babu komai, tana hamdala.